Darasi na Tara: Yadda Ake Shiga Sana'ar Tuƙin Babbar Mota

Zariya gari ne na mahaɗar hanyoyi. Babban titin da ya taso daga Abuja ya bi ta Kaduna ya nufi Kano ta nan ya ratsa. A Kwangila hanya ta rabu, ɗaya ta yi Samaru da Shika da Giwa da Funtuwa, har Gusau da Sakkwato. Wata kuma ta fita ta Soba da Pambeguwa ta nufi Jos. Shi ya sa dare da rana ba a rasa ƙugin manyan motoci a garin nan. Wata ta ɗauko siminti, wata taki, wata masara daga kasuwar Giwa, wata shanu ko tumatir za ta kudu, wata kuma tanka ce cike da fetur.

Da yawa cikin masu zuwa ajin yaƙi da jahilci yaran mota ne, ko masu faci, ko 'yan dako, kuma burinsu wata rana su ma a miƙa musu makulli. Buri ne mai kyau. Tuƙin babbar mota sana'a ce ta halal da ta gina gidaje, ta aurar da 'ya'ya, ta kai mutane Makka. Amma ta kuma bar marayu da yawa, kuma galibi abin da ya jawo hakan shi ne an hau sitiyari kafin a san mota. Wannan darasi zai nuna matakan da ake bi, da kuma wuraren da karatun da kake koya yanzu zai yi maka rana.

Shekaru da lafiyar jiki

Doka ta yarda mai shekara 18 ya karɓi lasisin ƙaramar mota ta gida. Lasisin motar haya da na kaya kuwa sai mutum ya kai shekara 26. Wasu samari na ganin an takura musu. Ni dai ina ganin daidai ne, domin shekarun da ke tsakani su ne na koyo, kuma mota mai ɗauke da tan 30 ba ta son mai zafin kai.

Kafin ka ɓata shekarunka, fara zuwa asibitin gwamnati a duba ka. A auna idonka, a auna hawan jini, a auna suga. Nan Zariya akwai Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Dama za a nemi takardar likita idan ka zo neman lasisin haya. Mutumin da ba ya gani sosai da dare, ko mai ciwon da ke sa shi faɗuwa, ya gaya wa kansa gaskiya tun wuri. Harkar mota tana da faɗi: akwai kanikanci, akwai aikin waya, akwai sayar da kayan gyara. Idan kuwa tabarau kawai likita ya rubuta maka, saya ka riƙa sawa, ba abin kunya ba ne.

Zaman yaron mota

Yawancin direbobin da kake gani a Ɗan Magaji da Tashar Yari da Mararrabar Jos ta hanya ɗaya suka bi: sun zauna ƙarƙashin wani direba shekara da shekaru. Yaron mota shi ke wanke mota, ya ɗaura tamfol, ya sa weji idan an tsaya, ya kwance taya, ya kwana gadin kaya. Aiki ne mai wahala, kuɗinsa kaɗan. Amma a nan ake sanin kukan injin mai lafiya da na maras lafiya, da warin birkin da ya yi zafi, da halin kowace hanya.

Abin da ya fi komai muhimmanci a wannan mataki shi ne zaɓen ubangida. Kada ka bi mutum don motarsa sabuwa ce ko don yana sakin kuɗi. Tambayi mutanen tasha: yaran da suka zauna da shi, nawa ne suka zama direbobi? Yana shan ƙwaya? Yana tsayawa salla? Idan mota ta lalace yana nuna wa yaro abin da ya lalace, ko aikensa kawai yake yi sayen shayi? Halin da ka gani a wurin ubangidanka shi za ka ɗauka, ko kana so ko ba ka so. Ya kyautu mahaifinka ko wani babba a gidanku ya raka ka, a yi magana a gaban shugabannin tasha, a san abin da za a riƙa ba ka da lokacin da za a fara koya maka tuƙi.

Ubangida na ƙwarai ba ya fara ba yaro mota a kan babban titi. A fili yake farawa, mota ba kaya, a koyi tashi da tsayawa da canjin giya da ribas. Daga nan a gyara fakin a tasha. Sannu a hankali sai a ba shi hanya miƙaƙƙiya da rana, maigidan na zaune a gefe idonsa biyu. Wanda yake miƙa wa yaro sitiyari da tsakar dare don shi ya samu ya kwanta, ba koyarwa yake yi ba, kasada yake yi da ran yaron da na jama'a.

Haka nan ba a tsallake matakin mota. A fara da ƙarama irin Canter, a koma mai taya shida ko tifa, sannan mai taya goma, kafin a kai ga tirela. Tanka ita ce ta ƙarshe.

Makaranta da lasisi

Koyo a tasha kaɗai ba ya isa a wurin hukuma. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ba ta ba sabon direba lasisi sai ya bi ta makarantar koyon tuƙi da ta amince da ita. Kafin ka biya ko sisi, tambayi makarantar ko tana cikin rajistar hukumar. Mu a Zariya mun yi dace, domin Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, da aka kafa a 1986, tana nan a hanyar Basawa, kuma horar da direbobi na cikin aikinta. Ka je da ƙafarka ka tambayi kwas ɗin da ake yi da kuɗinsa.

Lasisi aji-aji ne, kowane aji da harafinsa. Ga waɗanda suka shafe mu:

A na babur ne.
B na ƙaramar motar gida ne, wadda nauyinta bai kai tan 3 ba.
D na motar kaya ne wadda kai da bodi suke haɗe, ba ta jan wani abu.
G na tirela ne, mai kai daban bodi daban.

Ka duba harafin da ke jikin katinka. Mai B da aka kama da tirela daidai yake da maras lasisi, kuma idan aka yi haɗari kamfanin inshora na iya ƙin biya.

Bayan makaranta sai jami'an duba motoci su gwada ka, ka biya kuɗin gwamnati ka karɓi rasit, sannan ka je cibiyar lasisi a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Za a fara ba ka na wucin gadi mai kwana 60 kafin katin ya fito. Ana yin na shekara 3 ko na shekara 5. A nan ne ake cutar waɗanda ba su iya karatu ba. Wani zai tare ka a bakin ofis ya ce kawo hoto da kuɗi, jibi ka zo ka karɓa. Duk lasisin da ba ka zauna gaban na'ura an ɗauki yatsunka ba, jabu ne. Kuɗinka ya tafi, ranar da aka kama ka kuma kai za ka amsa laifi. Idan katinka ya fito, karanta sunanka harafi-harafi, da ranar haihuwa, da ranar da zai ƙare.

Duba mota kafin a tashi

Wannan shi ne ƙashin bayan sana'ar, don haka za mu daɗe a kansa. Direba na gaske yakan zagaye motarsa kowace safiya da kansa, ko da yana da yara uku.

Tun injin na sanyi, a zaro sandar auna baƙin mai, a goge, a mayar, a sake zarowa a ga inda mai ya tsaya tsakanin alamu biyu. A duba ruwan lagireto. Kada a taɓa buɗe murfinsa injin na da zafi, ruwan zai yi tsartuwa ya ƙona fuska. A leƙa ƙarƙashin mota: idan ƙasa ta jiƙe da mai ko gas ko ruwa, a nemo inda yake ɗiga. A kunna fitilu duka, yaro ya tsaya baya ya faɗi wadda ta kama da wadda ta mutu. A goge madubai da gilashi da tef mai ƙyalli na jikin bodi, domin shi ne mai zuwa daga baya yake fara gani da dare.

Sai taya. A bi su ɗaya bayan ɗaya, har da na ciki, a buga a ji ko iska ta ragu, a duba tsaga ko kumburi, a cire dutsen da ya maƙale tsakanin tagwayen taya, a taɓa notuna a ji ko akwai wanda ya saki. Idan ka ga tsatsa ta yi layi daga gindin noti, alama ce yana motsi. Akwai kuma wani abu da sai mai karatu ke iya gani. A gefen taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ƙarshensa lamba huɗu ce. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2322, an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana lissafa wa taya shekara 4 daga ranar da aka ƙera ta. Taya na iya zama da zanenta raɗau amma robar ta bushe ta mutu, ta zo ta fashe da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da kwalta ke tafasa. Fashewar tayar gaba a mota mai kaya ba kasafai ake fita lafiya ba. Idan maigida ya aike ka sayen taya, ko ta hannu ce, karanta lambar nan kafin ka yi ciniki.

Birkin babbar mota da iska yake aiki. Injin yana juya wata na'ura da ke tara iska a tankunan da ke ƙarƙashin mota, iskar ce take danna birki idan ka taka. A gaban direba akwai agogon iska mai allura. Idan an tayar da injin, ba a motsawa sai allura ta hau inda ya kamata, a yawancin motoci lamba 7 ko 8 ko sama, jar fitila ta mutu, ƙarar gargaɗi ta yi shiru. Ga yadda irin wannan safiya take kasancewa tsakanin direba da yaronsa:

"Maigida, ta yi zafi, mu kama hanya."

"Allurar iska a nawa take?"

"Ta kusa takwas."

"To kashe injin. Taka birki ka riƙe, kada ka saki. Me ka gani?"

"Ta ɗan sauka ta tsaya. A'a, Maigida, tana ci gaba da sauka."

"Sauka ka bi tiyo da kunnenka, ɗana. Inda ka ji tana huci, a nan aikinmu yake yau. Kano ba za ta gudu ba."

Wannan gwaji minti ɗaya ne kacal. Idan allura ta ɗan faɗa ta tsaya cik, lafiya. Idan ta ci gaba da zamewa, iska na zurarewa, kuma motar ba ta hau titi ba sai an gyara. Kullum kuma a ja zoben da ke gindin tankin iska a zubar da ruwan da ya taru, musamman da damina, don ruwan nan yana cin bawul yana rage wa birki ƙarfi.

Mai tirela yana da ƙarin aiki. Kai da bodi suna haɗuwa ne da wani kakkauran ƙarfe da ke shiga farantin da ke bayan kai ya kulle. Bayan an haɗa, a leƙa da tocila a ga ya kulle da gaske, sannan a ɗan ja gaba alhali birkin bodi na kame, a ji ko ya riƙe. A haɗa tiyon iska guda biyu da wayar wuta, a ɗage ƙafafun bodi har sama. Idan kwantena aka ɗora, a kulle kusurwoyinta huɗu. Kwantenar da aka aza haka nan ba kulli takan zame a kwana ta faɗa kan ƙananan motoci.

Kada a tashi babu abin kashe gobara mai aiki, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da jak, da safaya, da weji, da tocila.

A kan hanya

Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen titi irin na Kaduna zuwa Kano. Tun 2017 aka tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Akwai masu cire ta. Kada ka shiga sahunsu, ga dalili. Motar da ke gudun 60 tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Idan ka ninka gudu, nisan da za ta ci kafin birki ya tsayar da ita ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi. Ƙara nauyin kaya a kan haka. Saboda haka ka bar rata mai yawa tsakaninka da na gabanka, ka ƙara ta idan ana ruwa ko hazon hunturu ya rufe gari.

Gangara ita ce makarantar direba. Ana zaɓen ƙaramar giya tun daga sama, kafin mota ta fara zuba, a bar injin ya riƙe ta, a taimaka da birkin injin idan motar na da shi. Wanda ya dogara da birkin ƙafa kaɗai, yana takawa yana saki, yana ƙarar da iska, yana kuma ƙona birki, har ya kai inda zai taka ya ji ba komai. Mafi muni shi ne sakin mota a firi, wato a cire ta daga giya, don a rage shan gas. Gas ɗin da za a rage bai kai kuɗin shayi ba, amma idan ta ɗauki gudu giya ba za ta sake shiga ba. Masu bin hanyar Jos da masu gangarawa Lakwaja da Okene sun san abin da nake faɗi.

Cikin gari kuma matsalar daban ce. Kana zaune a sama, akwai wuraren da ba ka gani: dab da hancin mota, da gefen dama ƙarƙashin ƙofa, da bayan bodi gaba ɗaya. Mai babur ko Keke Napep na iya shigewa nan a PZ ko Kwangila ba ka sani ba. Idan za ka sha kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yanko ciki. Ka ba da sigina da wuri, ka buɗe kwanar, idonka na kan madubi har bodi ya gama fita. Wajen ribas yaro ya sauka ya tsaya inda kake ganinsa a madubi. Da zarar ya ɓace maka, taka birki.

Daga Zariya zuwa Legas tafiya ce da ta haura kilomita 800, ba a yin ta da numfashi ɗaya. Barci ba ya sallama. Gyangyaɗi na daƙiƙa 3 a gudun 60 yana nufin mota ta yi mita 50 ba direba. Idan ka yi awa huɗu kana tuƙi, tsaya ka sauka ka taka ƙasa. Lokutan salla sun raba mana yini da kyau: ka yi alwala, ka yi sallarka ta ƙasaru, ka zagaye mota ka taɓa tayoyi. Idan ka fara hamma ko ka ga ka manta garin da ka wuce yanzu, nemi tasha ka kwanta.

A nan ne abokan banza za su miƙo maka tiramadol ko wani haɗi a kwalba, su ce yana kashe gajiya. Ba ya kashe ta, rufe ta yake yi, ido a buɗe ƙwaƙwalwa na barci. Ina roƙon duk mai karanta wannan darasi, don Allah kada ka fara. Na ga samari masu hannu a tuƙi da ƙwaya ta mayar da su masu bara a tashar da suka taɓa yin lodi. Ga kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, da ke kan hanya, kamfanoni da dama kuma sai sun gwada mutum kafin su ɗauke shi.

Idan mota ta lalace, a yi iya ƙoƙari a fitar da ita daga kan kwalta, a sa weji, a kafa alamar gargaɗi nesa da bayanta yadda mai zuwa zai samu damar kaucewa. Ganye da duwatsu ba sa ƙyalli da dare, kuma waɗanda aka bari a titi bayan an tafi suna jawo wani haɗarin. Lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, kyauta ce. Ka haddace ta. Game da tsaro, kafin ka shiga hanyar da ba ka bi ba kwanan nan, tambayi waɗanda suka fito daga can, kuma inda ake tafiya a ayari kada ka ware kai kaɗai.

Kaya da takardu

Buhun siminti kilo 50 ne. Buhu 600 ya zama kilo 30,000, wato tan 30. Kowace mota akwai nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka. Ƙarin da dillali zai lallaɓe ka ka ɗora shi ke karya sifirin ɗin mota, ya fasa taya, ya kashe birki, ya farfasa titin da dukanmu muke bi. A raba kaya daidai, mai nauyi a ƙasa, a ɗaure tam, a sake jan igiya bayan an ɗan yi tafiya.

Akwai wata al'ada da ta cinye rayuka masu yawa a Arewa, wato ɗora mutane a saman kaya ko a kan shanu. Na san talauci ne ke sa mutane hawa, na san kuma kuɗin yana shiga aljihun direba da yaransa. Amma wanda ke saman buhu ba shi da abin riƙewa. Ƙaramin kaucewa da cikin mota ba za a ji shi ba, a sama mutum talatin ne za su zube kan kwalta. Doka ta hana, kuma ran kowane ɗayansu yana wuyanka. Ka koyi cewa "Ku yi haƙuri, Baba, motar kaya ce," ko da za a ce ba ka da kirki.

Mai sha'awar tanka ya san cewa ruwa ba ya zama wuri ɗaya. Idan ka taka birki sai ya turo gaba, idan ka sha kwana sai ya kwanta gefe, musamman in tankar ba ta cika ba. Idan ta faɗi, aikin direba da yaransa na farko shi ne korar mutane nesa da kiran hukuma. A Majiya ta Jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, mutum fiye da 150 suka rasu bayan tanka ta faɗi jama'a suka taru ɗibar fetur. Allah ya jiƙansu.

Takardun da za su kasance a mota kullum su ne lasisinka, da takardun mallakar mota, da inshora, da shaidar lafiyar mota, da takardar kaya. Wannan ta ƙarshe ita ce ke jefa direbobi a bashi. An rubuta buhu 600, an loda 590, kai kuma ka dangwala hannu. Idan ka isa, buhu 10 a albashinka za a cire. Ka tsaya a wurin lodi ka ƙirga da kanka, ka karanta adadi da sunan mai karɓa da garin da za a kai, sannan ka sa hannu. Idan an sauke, mai karɓa ya sa hannu ya rubuta kwanan wata, ka ɗauki hoton takardar da wayarka. Kayan da aka ƙi nuna maka abin da ke ciki, kada ka ɗauka ko nawa za a biya.

Samun mota da riƙon kuɗi

Aiki na zuwa ta hanya biyu. Akwai manyan kamfanonin siminti da fulawa da mai, masu albashin wata da kuɗin hanya, su kuma za su nemi lasisin aji G na gaskiya, da takardar likita, su gwada tuƙinka, sau da yawa har da cike fom. Akwai kuma 'yan kasuwa masu mota ɗaya ko biyu, inda shaidar ubangidanka da ta shugabannin tasha ita ce takardarka. Ko'ina ne za a nemi wanda zai tsaya maka. Yi rajista da ƙungiya: NURTW ta ma'aikatan sufuri ce, NARTO ta masu motoci ce, direbobin tanka kuma suna da reshensu na PTD a ƙarƙashin NUPENG, ƙungiyar ma'aikatan man fetur.

Kafin ka karɓi makulli a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: nawa ne albashi, nawa ne kuɗin abinci a hanya, wa ke biyan yaron mota, wa ke biyan faci da ƙananan gyare-gyare, lita nawa ake bayarwa zuwa kowane gari. Mai mota ko ɗan'uwanka ne, a rubuta. Sayi ƙaramin littafi ka ajiye a mota, kowace tafiya da shafinta, kamar haka:

Litinin, Zariya zuwa Kano, masara buhu 300.
Gas: lita 70.
Faci: taya 1.
Kuɗin tasha da na masu lodi.
Abin da ya rage na mai mota.

Sayar da gas ɗin mota a hanya sata ce, ko da kowa na yi. Tasha kuwa ba ta da sirri. Direban da aka sani da haka motar kirki ba ta zuwa hannunsa. Daga abin da ka samu, ware na gida tun kafin ka tashi, ka kuma riƙa ajiye wani abu a banki ko adashi, domin akwai watan da mota za ta yi a gareji.

Aikin aji

1. Karanta waɗannan da ƙarfi, sannan ka rubuta su a littafinka: lasisi, birki, tirela, gangara, inshora, yarjejeniya.

2. Wane harafin lasisi ne na tirela? Shekara nawa ake kaiwa kafin a nemi lasisin haya?

3. An loda maka taki buhu 400, kowane buhu kilo 50. Kilo nawa ke nan? Tan nawa ne, idan tan ɗaya kilo 1,000 ne?

4. Daga Zariya zuwa Kano wajen kilomita 140 ne. A ce motarka tana cin kilomita 2 da lita ɗaya. Lita nawa za ka sha zuwa da dawowa?

5. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama dillalin da ke son a ƙara buhu 50 a kan lodi, ɗaya ya zama direba. Direba ya ƙi, cikin ladabi, ya kuma faɗi dalili.

6. Kafin zama na gaba, je wurin mai faci na unguwarku ka nemi izini ka duba taya uku. Kwafo lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT na kowace, ka rubuta shekarar da aka ƙera ta da shekarar da wa'adinta zai cika, ka kawo wa malam.